Ƙwaya Ko Zaman Tattaunawa: Maganar Wa Zan Bi A Kan Jinyar 'Yata?

Tambaya: Likita, ina da 'ya mai shekara 16. Wata huɗu ke nan ba ta cin abincin kirki, ba ta barci, ta daina zuwa Islamiyya, abu kaɗan sai kuka. Mun kai ta asibiti aka ce ciwon damuwa ne, aka rubuta mata fluoxetine, aka kuma ce ta riƙa zuwa duk mako tana zama da wata ma'aikaciya suna tattaunawa. Mahaifinta ya ce ta sha ƙwayar kawai, surutu ba ya magani, ɓarnar kuɗin mota ce. Kakarta kuma ta ce kada a kuskura a ba ta ƙwayar asibitin mahaukata, zautar da ita za ta yi. Ga kakanta mai shekara 78 ya fara rikicewa da dare, maigida yana cewa a ɗiba masa cikin maganin yarinyar ko a sayo masa na barci a kemis. Na rasa maganar wa zan bi.

Amsa: Hajiya, Allah ya ba ta lafiya, ya ba kakanta sauƙi, ke kuma ya saka miki da alheri da kika kai ta asibiti. Likitan da ya haɗa mata ƙwaya da zaman tattaunawa ya bi hanyar da ta dace da yarinya mai irin shekarunta wadda ciwon ya kai ga hana ta ci da barci da karatu. Amma akwai abin da na lura da shi a wasiƙarki. Na ji ra'ayin maigida, na ji na kakarta Hajiya babba, ban ji na yarinyar ba. Ita za ta haɗiyi ƙwayar kowace safiya, ita za ta zauna a gaban ma'aikaciyar ta buɗe cikinta, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Idan aka yanke komai a bayan idonta, za ta iya ɓoye ƙwayar a ƙarƙashin harshe, ta je zaman ta yi gum, ku yi ta kashe kuɗi ba ku san dalilin da ya sa ba ta samun sauƙi ba. Zan dawo kan wannan, amma bari in fara da tsoron kakarta, domin tsoron yana da tushe.

Mutanen zamanin Hajiya babba sun ga abin da suka gani. Sun ga wanda aka kai asibitin ƙwaƙwalwa ya dawo jikinsa a sandare, yana jan ƙafa, hannu na karkarwa, yawu na dalala, ido a kafe. Wannan aikin magunguna irin su chlorpromazine da haloperidol ne idan awonsu ya yi wa mutum yawa. Chlorpromazine, wanda aka fara amfani da shi ga masu taɓin hankali a Faransa a 1952, ya fitar da ɗimbin mutane daga ɗauri, amma illolinsa a bayyane suke ga kowa. Maganin 'yarki ba ya cikin wannan rukuni. Fluoxetine na ciwon damuwa ne, ba ya sandarar da jiki, ba ya gusar da hankali, kuma ba ya sa maye ko kama mutum yadda diazepam da tramadol suke yi. Ki faɗa wa Hajiya babba haka cikin ladabi, idan da hali ku tafi da ita asibiti ta ji daga bakin likita. Tsohuwar da aka girmama aka yi wa bayani, sau da yawa ita ce ke zama mai tuna wa jikarta lokacin shan magani.

Ga abin da ya kamata ku sani game da ƙwayar. Ba ta aiki nan take. Sai an yi mako biyu zuwa huɗu kafin a fara ganin canji, wani lokaci har shida. Illolinta kuwa su ne ke riga amfaninta zuwa: tashin zuciya, ciwon kai, ɗan rikicewar barci a kwanakin farko, shi ya sa ake shan ta da safe kuma ake farawa da ƙaramin awo. A nan ne mutane da yawa ke yanke ƙauna su ce maganin bai karɓe ta ba, su watsar. Abin da ke fara dawowa yawanci shi ne barci da cin abinci da ɗan kuzari, walwala kuma daga baya take biyowa, har ku na gida kan riga ta ganin sauyin. Bayan ta warke sarai za ta ci gaba da sha na aƙalla wata shida, ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2016 ma wata tara zuwa goma sha biyu ta ce, domin dainawa da wuri na daga manyan abubuwan da ke dawo da ciwon. Ranar dainawa likita ne zai tsara.

Akwai gargaɗi ɗaya da nake so ki riƙe da kyau. Tun 2004 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta wajabta rubuta a takardar bayanin irin waɗannan magunguna cewa a wasu yara da matasa tunanin kashe kai kan ƙaru a makonnin farko na sha ko lokacin da aka canza awo. Ba kowa ke samun haka ba, kuma barin ciwon ba magani shi ma haɗari ne babba, amma dole a sa ido. Maganin ya zauna a hannunki, ke za ki ba ta. Ki kawar da fiya-fiya da maganin ɓera da sauran ƙwayoyin gida daga inda hannunta zai kai. Ki tambaye ta kai tsaye, ku biyu a ɗaki, ko tunanin mutuwa yana zo mata. Iyaye na tsoron wannan tambaya, suna ganin kamar za su cusa mata abin da babu, alhali tambayar ba ta jawo shi, sauƙi ma take kawo wa wadda ta daɗe tana ɗauke da shi ita kaɗai. Idan kika ga ta kasa zama wuri ɗaya, ko tana maganar gara ta mutu ta huta, ko ta kwana biyu ba barci ga yawan magana da rawar kai, ku koma asibiti a ranar, kada ku jira ranar da aka rubuta a kati.

Sai maganar maigida cewa surutu ba ya magani. Da hira ce irin ta tsakar gida, da ya yi gaskiya. Zaman da ake nufi aiki ne mai tsari, wanda wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Amurka, Aaron Beck, ya assasa a shekarun 1960 bayan ya lura cewa masu ciwon damuwa suna da wasu tunane-tunane da ke faɗo musu ba shiri, su kuma ɗauke su tamkar gaskiya. Bari in kwatanta miki yadda zama ɗaya ke gudana. Ma'aikaciyar za ta ba yarinya littafin rubutu ta ce ta raba shafi gida uku: abin da ya faru, abin da ya zo mata a rai, abin da ta yi. Sai yarinya ta rubuta cewa ƙawayenta sun tafi kamun amarya ba su biyo mata ba. A gida na biyu ta rubuta, "Ba mai so na, nauyi ce ni a kan kowa." A na uku, ta ja bargo ta kwanta har magariba, ba ta ci abinci ba. Ma'aikaciyar ba za ta ce mata ta daina wannan tunani ba, kuma ba za ta yi mata wa'azi ba. Tambayarta za ta yi: sau nawa suka biyo miki a watannin nan kika ce ba za ki ba? Akwai wadda ta kira ki a waya kwanan nan? Da ƙanwarki ce ta faɗi haka game da kanta, me za ki ce mata? Daga nan su tsayar da aikin gida guda ɗaya ƙarami, misali ta tura wa ƙawa ɗaya saƙo, ko ta fito ta taya ki gyaran kayan miya na minti goma, ko ta koma Islamiyya ranar Asabar kaɗai. Mako mai zuwa su duba abin da ya faru. Ciwon damuwa yana sa mutum ya janye daga duk abin da ke faranta masa, janyewar kuma ta ƙara masa ciwon. Ƙwaya na ba da kuzarin tashi, amma ba ta koya wa yarinya yadda za ta koma cikin ƙawayen da ta guje wa wata huɗu, ko yadda za ta gane baƙin tunani idan ya sake tasowa bayan shekara uku, lokacin da ta daɗe da ajiye magani.

An gwada wannan a kan matasa masu shekarun 'yarki. A wani babban bincike da aka wallafa a Amurka a 2004, an raba matasa 439 'yan shekara 12 zuwa 17 masu ciwon damuwa gida huɗu. Bayan mako 12, cikin waɗanda aka haɗa wa fluoxetine da zaman tattaunawa kusan kashi 71 cikin ɗari sun samu sauƙi sosai. Masu ƙwaya kaɗai kashi 61, masu zama kaɗai kashi 43, waɗanda aka ba ƙwayar da ba magani a cikinta kuma kashi 35. Da tafiya ta kai mako 36 rukunonin da ke karɓar jinya sun kusa kamo juna, amma haɗin ya fi saurin kawo sauƙi, kuma tunanin kashe kai ya fi ƙaranci a cikin waɗanda suke zuwa zaman fiye da masu ƙwaya zalla. Wannan na ƙarshen shi ne hujjar da za ki kai wa maigida.

Kuɗin mota kuwa magana ce ta gaskiya, kada a raina ta. Ku faɗa wa ma'aikaciyar ƙarfinku. Ana iya mayar da zaman duk mako biyu, a daidaita shi da ranar ganin likita, ko a yi wani ta waya. Kuma zaman ba na har abada ba ne, yawanci zama 8 ne zuwa 16. A Zimbabuwe, likita Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata suna zama da masu damuwa a kan benci a harabar ƙananan asibitoci, zama shida kacal na warware matsala mataki-mataki, kuma binciken da aka wallafa a 2016 ya nuna ya yi aiki ƙwarai. Tsari mai kyau da mai sauraro na gari su ne jigon abin.

Yanzu in koma kan yarinyar. Jinyar da ta sa mara lafiya a gaba tana farawa ne da ganin ta ita kaɗai, ko da na minti goma ne, ke kina waje. Kada ranki ya sosu da wannan. Akwai abin da budurwa ba za ta iya faɗa a gaban mahaifiyarta ba saboda kunya ko gudun tayar miki da hankali: maganar aure da ake yi mata ba ta so, faɗuwa jarrabawa, tsangwamar 'yan aji, wani da ke damun ta a waya, ko wani a gida ko a unguwa da ya taɓa ta. Idan akwai irin wannan a ƙasa, babu awon ƙwayar da zai wadatar sai an taɓa tushen. Likita na gari zai kuma duba jikinta, domin ƙarancin jini da matsalar maƙoƙo suna kwaikwayon ciwon damuwa. Zai tambaya ko a dangi akwai mai ciwon da ke sa mutum ya yi kwanaki yana rawar kai, ba barci, ga ɓarnar kuɗi, sannan ya faɗa baƙin ciki, domin mai irin wannan gado fluoxetine kaɗai na iya tayar masa da ciwon. Sannan zai tambaye ta abin da ita take so ya dawo mata. Wata za ta ce barci, wata haddarta da ta tsaya, wata so take ta zauna jarrabawar WAEC tare da 'yan ajinsu. Da wannan amsa ake auna ko jinya na tafiya, kuma ita ce ke sa yarinya ta riƙe maganin a matsayin nata.

Na san layin asibitocinmu. Likitocin ƙwaƙwalwa sun yi ƙaranci ƙwarai, wanda ke ganin mutum hamsin a yini kuwa yakan taƙaita ga "Kina barci? Kina cin abinci? Ci gaba da magani." Wannan yana damu na, domin rabin jinya ke nan. Abin da za ku iya yi shi ne ku shiga da shiri: ita ta rubuta abu biyu ko uku da take son faɗa, ke ma ki rubuta abin da kika lura. Kuna da haƙƙin tambayar sunan ciwon, amfanin maganin, illarsa, da tsawon lokacin sha. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sanya wa hannu a Najeriya a watan Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta tanadi a yi shawara da mara lafiya kan jinyarsa kuma a sirranta bayanansa. Wannan ya shafi damuwar da na san tana ran kowace uwa, wato kada zancen ya fita ya ɓata mata aure.

Ba kowane ciwo ko kowane shekaru ake yi wa haɗi iri ɗaya ba. Da 'yar shekara takwas ce, da ba za a fara da ƙwaya ba. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ga ƙananan asibitoci ta ce kada a ba yaron da bai kai 12 ba maganin damuwa, aikin da iyaye da malaman makaranta ake yin sa. Haka yaro mai ƙiriniyar da ta wuce misali, wanda ba ya iya zama ko mayar da hankali: ana fara koya wa iyaye yadda za su tafiyar da shi ba da bulala ba, magani ya biyo idan an buƙata. A ɗaya gefen, mai jin muryoyi da zargin ana bin sa, ko mai jegon da ta rikice a makonnin farko bayan haihuwa, magani ne kan gaba kuma da gaggawa. Amma su ma ba a nan ake tsayawa ba. Tun shekarun 1950 da 1960 masu bincike a Ingila suka gano cewa wanda aka sallama ya koma gidan da ake yawan kushe shi da hantara ya fi saurin komawa asibiti, shi ya sa ake zaunar da iyalin gaba ɗaya a koya musu. Kuma ko a zaɓen ƙwaya ana duba mutum: matar da ke iya ɗaukar ciki ana guje mata sodium valproate, maganin farfaɗiya da ciwon rawar kai, saboda yana nakasa jariri, mai shan lithium, wani maganin ciwon rawar kai, yana buƙatar gwajin jini a kai a kai da shan ruwa sosai, musamman a zafin bazara, kuma sai ya yi shawara da likita kafin azumi.

Idan Hajiya babba tana son a yi wa jikarta tofi da ruƙiyya, a yi. Addu'a da magani ba sa karo. Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya nuna haka tun 1954 a Aro kusa da Abeokuta, inda ya riƙa saukar da marasa lafiya a gidajen ƙauyukan da ke kewaye tare da danginsu, suna karɓar maganin asibiti, yana kuma aiki da masu maganin gargajiya. A 2020 ma an wallafa binciken da Farfesa Oye Gureje ya jagoranta a Ibadan da Kumasi, wanda ya nuna masu taɓin hankali sun fi samun sauƙi idan masu maganin gargajiya da na addini suka haɗa hannu da ma'aikatan asibiti. Iyaka dai a bayyane take: ba duka da sunan fitar da iska, ba mari ko sasari, ba hayaƙi mai shaƙe numfashi, ba hana abinci, ba cewa a ajiye maganin asibiti. Duk jiƙon da za ta sha kuma a sanar da likita.

Batun kakanta shi ne ya fi gaggawa a wasiƙarki. Don Allah kada a ba shi ko ƙwaya ɗaya daga maganin yarinyar, kada kuma a sayo na barci a kemis. Tambayar farko ita ce yaushe rikicewar ta fara. Idan cikin 'yan kwanaki ne ko mako ɗaya zuwa biyu, yana lafiya da rana ya birkice da dare, to mafi yawan lokaci ciwon jiki ne ya taɓa ƙwaƙwalwa: ƙwayoyin cuta a mafitsara, toshewar fitsari irin ta tsofaffin maza, zazzaɓi, ciwon haƙarƙari, hawa ko faɗuwar suga, ƙarancin ruwa a jiki, taurin bayan gida, ko wani sabon magani da ya fara sha. Irin wannan a ranar ake kai shi asibiti, kuma idan aka magance sanadin hankalinsa kan dawo. Idan kuwa watanni ne ko shekaru yana mantuwa a hankali, yana maimaita tambaya, yana ɓata a hanyar masallaci, to ana tunanin ciwon mantuwa na tsufa, ko kuma ciwon damuwa, wanda a tsofaffi yakan zo da kamar mantuwa kuma yana warkewa.

Ko wanne ne, jikin ɗan shekara 78 ba ya fitar da magani da sauri kamar na matashi. Diazepam zai iya sa shi jiri ya faɗi a hanyar banɗaki ya karya ƙugu, ya kuma ƙara masa ruɗewa. Amitriptyline, da ake yawan bayarwa don barci, yana iya toshe masa fitsari. Magungunan taɓin hankali ga mai ciwon mantuwa suna ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki da mutuwa, shi ya sa ba a ba da su sai an rasa yadda za a yi, da ƙaramin awo, na ɗan lokaci. Abin da ya fi yi masa amfani yana hannunku: a bar masa fitila a ɗaki da dare, ya sa tabaransa idan yana da shi, ya fito ya sha hantsi, a rage masa barcin rana da shayi da goro bayan la'asar, a riƙa tuna masa lokutan salla, wanda ya saba da shi ya kwana kusa. Idan ya ce zai tafi gona da tsakar dare ko yana kiran wanda ya rasu, kada a yi masa gardama, a bi shi da lallashi a karkatar da zancen.

Asibitin gwamnati mafi kusa ya isa a fara auna jininsa da fitsarinsa da sugansa. Idan ana buƙatar ƙwararru, akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau a Kano, ga kuma sassan ƙwaƙwalwa na asibitocin koyarwa irin su na Malam Aminu Kano da na Shika a Zariya. Ranar da za ku kai shi, ku tattara duk abin da yake sha a leda ɗaya, na hawan jini da na ciwon gwiwa da na kemis da na gargajiya, likita ya gani da idonsa. Wanda ke kwana da shi ya raka shi don ya ba da labarin dare, amma a bar Baba ya fara faɗin abin da ke damun sa da bakinsa kafin kowa ya sa baki.